Duwan da Diwani

A unguwarmu ta Zongo da ke Kwatano akwai kalmomi biyu da kowane yaro yake tashi da su a kunne, sai dai ba da murya ɗaya ake faɗinsu ba. Ta farko ita ce duwan. Da rana ake ambatonta, a bakin mangaza ko a gindin babbar mota, kuma da wuya ka ji ta fito daga bakin mutum fuskarsa a sake. "Kaya suna duwan." "Ba a gama da 'yan duwan ba." Ta biyu ita ce diwani. Ita sai dare ya yi, musamman a watan Maulidi, in an shimfiɗa tabarmi an kunna lasifika, masu murya suna rera baitocin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha har asuba ta kawo jiki. Waccan takan sa dattijo ya dafe kai, wannan takan sa shi hawaye don shauƙi. To, kalma ɗaya ce. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, tafiya ce ta raba su, ga shi sun dawo unguwa ɗaya ba su gane juna ba.

Ni ɗan makaranta biyu ne. Da asuba allo, da hantsi lakwal, da yamma kuma bakin shagon mahaifina. Da na girma sai sana'ata ta zama cika wa 'yan kasuwarmu takardu da Faransanci, in karanta musu abin da aka rubuto musu, in rubuta musu amsa. Wanda yake wannan aiki ba ya rabuwa da ƙamus, kuma babban ƙamus na Faransanci yana da wata ɗabi'a mai kyau: kafin ya gaya maka ma'anar kalma sai ya gaya maka inda ta fito, kamar yadda ake tambayar asalin mai neman aure. A ƙarƙashin "douane" an rubuta cewa daga tsohon Italiyanci take, su kuma daga Larabci suka samo ta, Larabawa kuma daga Farisa. Tun daga nan nake bin sawunta, kuma abin da na tsinto ne nake so in baje wa mai karatu.

A ƙasar Farisa, diwan na nufin littafin da ake rubuta lissafin mulki a ciki, da ɗakin da marubutan suke zama. Ibn Khaldun ya kawo wani labari a Muƙaddima cewa wata rana Kisra ya leƙa marubutansa ya tarar kowa yana ta gunaguni shi kaɗai yana lissafi, sai ya kira su mahaukata da harshensa, sunan ya bi wurin. Labari ne mai daɗi, kuma duk wanda ya taɓa ganin akawu a ƙarshen wata ba zai yi saurin ƙaryata shi ba. Amma masana harshe na wannan zamani suna kai kalmar ga wata tsohuwar kalmar Farisa mai nufin rubutu, wadda ita ma jijiyarta ta kai har allunan yumɓu da mutanen tsohuwar Iraƙi suke rubutu a kai tun dubban shekaru. Ke nan tun fil azal rubutu ne gindinta.

Ta shigo Larabci da ƙarfinta a zamanin Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi. Da dukiya ta yawaita, mutane suka yawaita, rabo da ka ya gagara, sai ya kafa diwan, wajen shekara ta 20 bayan Hijira: kundin da aka jera sunayen mayaƙa da iyalansu da abin da kowa zai karɓa. Daga baya, a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya yi mulki daga 685 zuwa 705, aka mayar da rubutun waɗannan kundaye Larabci, bayan a da ana yin na Sham da harshen Girka, na Iraƙi da Farisanci. Kowane sashe na hukuma ya samu nasa diwan: na haraji, na soja, na wasiƙu. Da yake kuma diwan tarin rubutu ne da aka jera a tsare, sai aka kira kundin waƙoƙin mawaƙi da wannan suna. Wannan reshen ne ya biyo malamai ya ƙetare Sahara ya iso zaurukanmu, muka ƙara masa wasali a ƙarshe kamar yadda muka saba, ya zama diwani.

Ɗaya reshen kuwa jirgin ruwa ya shiga. Tun wajen ƙarni na 12 fataken biranen Italiya, wato Benis da Jenowa da Pisa, suna kai kaya tashoshin Musulmi irin su Iskandariyya da Tunis da Bijaya ta ƙasar Aljeriya a yau. Jirgi in ya tsaya, ba a taɓa ko ƙunshi ɗaya sai an kai shi diwan. Can za a auna, a rubuta, a yanke abin da za a biya, sau da yawa ushuri, ɗaya bisa goma. Bature ya ji ana ta cewa diwan, diwan, bakinsa ya lanƙwasa ta, ta zama "doana", daga baya "dogana". Da suka koma gida suka gina irin wannan ofishi, ba su wahalar da kansu neman sabon suna ba. Har gobe a Benis akwai wani tsinin ƙasa a bakin ruwa da ake kira Punta della Dogana, inda tsohon gidan duwan na teku yake tsaye. Daga Italiyanci Faransawa suka ɗauka suka ce "douane", mutanen Holan kuma suka ara daga Faransawa ba su canza ko harafi ba.

Mutanen Sipaniya ba su jira Italiyawa ba, domin sun zauna da Larabawa ƙasa ɗaya daga 711 har 1492. Su "aduana" suke cewa. Wannan "a" ta farko ba ado ba ce. Duk wanda ya yi karatun allo ya san dal harafin shamsiyya ne, lam ba ya fita a gabansa, sai a ce ad-diwan. Haka suka haɗiye kalmar da alif da lam ɗinta gaba ɗaya. Ɗabi'arsu ce: inda Italiyawa suka ce "zucchero" ga sukari su suka ce "azúcar", inda aka ce "cotone" ga auduga su suka ce "algodón", inda aka ce "magazzino" su suka ce "almacén". Wannan ta ƙarshen ma daga makhzan take, wato ma'aji, kuma ita ce Faransawa suka mayar "magasin", mu kuma muka karɓa muka ce mangaza. Kada Bahaushe ya yi wa ɗan Sipaniya dariya, don mu ma hakan muka yi. Alƙali, alƙalami, albasa, aljihu, albarka: duk da rawaninsu muka ɗauko su.

A ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi ne wani abu ya faru da ya fi kuɗin fito tsada. Wani mutumin Pisa yana aikin rubutu a diwan na Bijaya a madadin fataken garinsu, sai ya kira ɗansa Leonardo ya zo ya koyi lissafi. Yaron ya tarar ana aiki da alƙaluma tara da sifiri, waɗanda Larabawa suka samo daga Indiya, alhali a garinsu da haruffan Rumawa ake fama. A 1202 ya rubuta littafinsa Liber Abaci ya koya wa fataken Turai wannan hanya. Shi ne duniya ta sani da Fibonacci. Sifirin nan namu shi ne ya zama "chiffre" a Faransanci, shi ne kuma ya zama "zéro". Ko "tarif" da ake manna mana a bango, jerin abin da kowane kaya zai biya, ta'arifi ce ta Larabci, wato sanarwa. A 1494 wani malamin lissafi mai suna Luca Pacioli ya buga littafi a Benis ya bayyana yadda fatake suke rubuta shiga da fita a shafi biyu masu duban juna, tsarin da bankuna suke kai har yau. Kalmar ba ita kaɗai ta hau jirgin ba, da alƙalaminta da littafinta ta tafi.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta mutanen Fotugal, waɗanda suka riga Faransawa sabawa da wannan gaɓa tamu. Su suka raɗa wa Porto-Novo suna, kuma sun riƙe ƙaramar ganuwarsu a Wida har 1961. Suna da "aduana", amma abin da suka fi cewa shi ne "alfândega". Daga al-funduƙ take. Funduƙ shi ne gidan da fatake suke sauka: ƙasa a ajiye kaya da dabbobi, sama a kwana, da dare a rufe ƙofa. Larabawa ma aro suka yi daga wata kalmar Girka mai nufin gidan da yake karɓar kowa. Da yake a nan baƙi suke sauke kaya, a nan mai karɓar haraji yake samunsu, sai masauki ya zama ofishin duwan. Mai karatu, mene ne wannan in ba zango ba? Zangon da ayari yake yada kaya, wanda mutanen kudu suka lanƙwasa suka ce Zongo, aka kira unguwannin baƙi da shi daga Kumasi har Kwatano. Ashe da Fotugisanci, sunan unguwarmu da sunan ofishin da muke tsoro abu ɗaya suke nufi tun asali.

Ba duk Turai ce ta bi wannan hanya ba. Ingilishi ya ce "customs", daga kalmar da ke nufin al'ada, wato abin da aka saba ba sarki. Ita ce 'yan'uwanmu na Najeriya suka mayar kwastan. Shi ya sa in ka taso daga Kwatano ka nufi Legas, kafin Seme duwan ne zai tsayar da kai, kana gota iyaka ya koma kwastan, alhali tambayar ɗaya ce: me ka ɗauko, ina takarda? Jamusawa "Zoll" suke cewa, ita kuma jijiyarta tana komawa rumfar mai karɓar haraji ta Girkawa. Abin dariyar yana wajen Larabawa. Yau in ka sauka a Alƙahira ko Jidda ba za ka ga an rubuta diwan a kan wannan ofishi ba, jamarik za ka gani. Sun karɓo ta daga Turkawa, Turkawa daga Girkawan Rum, su kuma daga Latin, daga kalmar da ta haifi "commerce". Turawa suna karɓar fito da kalmar Larabawa, Larabawa suna karɓa da kalmar Turawa. Musayar riga aka yi a tsakiyar teku.

Akwai kuma wani ɗan autan. Majalisar sarkin Daular Usmaniyya a Istanbul ita ma diwan ake ce mata, kuma waziran suna zama ne a kan dogon dakali mai laushi da ya bi jikin bango. Baƙin Turai suka ɗauki sunan majalisa suka ba wa abin zaman. Shi ya sa "divan" a Faransanci doguwar kujerar falo ce. Mawaƙin Jamus Goethe kuwa, da ya karanta Hafiz na Shiraz, ya fitar da nasa kundin waƙoƙi a 1819 ya kira shi Divan. Saboda haka Bafaranshe zai iya biyan duwan a kan kujera, ya kai ta gida ya kishingiɗa a kanta yana karanta diwani, bai san kalma ɗaya ya maimaita sau uku ba.

A nan garin, wannan kalma ta taɓa jawo zubar da jini. Faransawa sun riƙe takardun 1868 da 1878 suna cewa Sarki Glele na Dahome ya bar musu Kwatano. Mutanen Abome kuwa suka ci gaba da karɓar kuɗin fiton kayan da ake saukewa, don a ganinsu ƙasa ba abar kyauta ba ce. Da Behanzin ya gaji mahaifinsa, rigimar ta kai ga yaƙi a 1890, aka gwabza a cikin Kwatano kanta. A sulhun watan Oktoba na wannan shekara Faransa ta yarda za ta riƙa biyan sarki faran 20,000 duk shekara a kan garin. Sulhun bai daɗe ba. Yaƙi ya dawo a 1892, kuma a 1894 Behanzin ya miƙa wuya aka kai shi gudun hijira. Wanda ya riƙe littafin bakin ruwa shi ya riƙe ƙasa. Da aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1965, sai wannan littafi ya zama abincin ƙasar Benin, ya zama kuma numfashin Nijar, wadda kayanta suka riƙa bi ta Paraku su haura Malanbil su ƙetare gada zuwa Gaya, daga nan Doso, Yamai ko Maraɗi. Mun ga abin da rufe littafin yake yi: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka datse gadar Malanbil, motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe, mutane suka koma kwalekwale.

Duk wannan yawo da na yi da mai karatu, ba don in ce Turawa sun ci bashinmu ba ne, mu yi ta tafi muna murna. Harshe kasuwa ne, kowa yana saye yana sayarwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka raba gadon. Diwan gida ne mai ɗaki biyu, ɗakin waƙa da ɗakin lissafi. Mu muka ɗauki na waƙa muka share shi muka turara, muka bar na lissafi gizo-gizo ya yi saƙa, har sai da wani ya dawo mana da shi cikin kaki, da hatimi a hannu.

Kuma ba haka kakanninmu suke ba. Ayarin goro da yake tashi daga Kano zuwa Gwanja, ya ratsa Borgu ta Nikki da Jugu a arewacin wannan ƙasa, yana da madugu, yana da jagaba, yana da uban dawaki mai tattara kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya, yana kuma da malamin ayari mai tawada da alƙalami. Mahaifina bai taɓa shiga lakwal ba, amma yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta bashi a ciki da ajami: sunan mutum, garinsu, dila nawa, ranar biya. Wanda ya biya sai ya ja layi a kan sunansa a gabansa. Ranar da ya rasu, Allah ya jiƙansa, kafin sadakar bakwai mun san wanda muke bi da wanda yake binmu, ba a ɗaga wa kowa murya ba.

Na ga kishiyar haka a gidan wani maƙwabcinmu, babban ɗan kasuwa mai mangaza biyu, mutumin kirki wanda in ya ce gobe to gobe ce. Duk lissafinsa a ka yake. In na ce masa, "Baba Alhaji, a bari in riƙa rubuta muku," sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ni da mutanena amana ce tsakaninmu." Kwana uku ya yi yana jinya. Da aka kira ni in taya 'ya'yansa duba takardu, abin da muka samu shi ne lambobin waya a jikin yagaggen kwali, da wasu alƙaluma da ba a san na shiga ne ko na fita ba. Mutum biyu suka zo daga nesa da kansu suka ce ga abin da marigayi yake binsu, Allah ya saka musu. Sauran shiru. Masu cewa suna binsa kuwa suka cika zaure, kuma babu mai iya gane na gaskiya da na ƙarya, don mai shaidar yana ƙarƙashin ƙasa. Aka sayar da mangaza ɗaya aka biya. 'Yan ɗaki ɗaya suka zargi 'yan ɗaya ɗakin da ɓoye wani abu. Yau shekaru ke nan, akwai wa da ƙane a gidan da ba sa gaisawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan bango rashin rubutu ne ya tsaga shi.

Na san abin da ake cewa, don kullum ina ji. Wani ya ce in ka fito da takarda kamar ka ce wa ɗan'uwanka ɓarawo ne. Wani ya ce abin da aka rubuta idon hukuma yana iya kaiwa gare shi. Na farkon yana da nauyi, domin amana ita ce jarin da ya kai Bahaushe Kumasi da Abijan da Kwatano ba tare da banki ba, kuma ba na fatan ranar da za ta ƙare. Amma amana tana zaune ne a ƙirjin mutum biyu, in ɗaya ya faɗi sai ta zama gurguwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Na biyun kuwa, duniyar ta riga ta wuce wurin. Yau kayanka tun suna kan teku an shigar da su kwamfuta, an san nauyinsu da lambar kwantenarsu. Hukuma tana da nata kundin a kanka ko ka so ko ka ƙi. Wanda ba shi da nasa shi ne yake tsayawa a gaban tebur ya karɓi duk abin da aka karanto masa, don ba shi da abin da zai buɗe ya ce a'a, ga yadda aka yi.

Abin da nake gaya wa samarin da suke zuwa wurina da takardu ke nan. Ba sai ka iya Faransanci ba. In ajami ka iya, ajami rubutu ne. In boko ka iya, bismilla. In wayar hannu ce ta fi maka sauƙi, rubuta a ciki, amma ka kwafe a takarda, don waya tana faɗawa ruwa. Ka sayi littafin 'yan makaranta a Dantokpa, ka raba shafi biyu, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita. Ka sa kwanan wata. Ka karanta wa abokin cinikinka abin da ka rubuta kafin ya tashi, ya ji da kunnensa. Sannan ka nuna wa mutum ɗaya a gidanka inda kake ajiye shi, ko uwargida ko babban ɗa, don ranar da za a neme shi ba ka nan.